Hasashen Kakar Zari-Ruga: A Turo Kafin A Fara

Assalamu alaikum ƴan uwa. Kakar wasan zari-ruga ta ƙaraso, don haka kowa ya turo hasashensa nan kafin a buga wasan farko: wa zai ɗauki kofin Ƙasashe Shida na Turai, wa zai ci kofin zakarun kulob-kulob na Turai, kuma wa zai fi ƙarfi a kudancin duniya. Da zarar an hura usur, mun rufe.

Ga nawa. A kudu ina tare da Afirka ta Kudu. Ƙasar da ta ci kofin duniya a 2019 da 2023, ta doke New Zealand 12 da 11 a wasan ƙarshe na 2023 a Paris, ba ta saba sakin wasa idan ya yi tsanani. A Turai na zaɓi Faransa, ko da yake Ireland ta ɗauka a 2023 da 2024, kuma ba a raina ta.

Kulob kuwa, Toulouse ta Faransa, mai kofunan zakarun Turai 6. Leinster, kulob ɗin Ireland, tana ba ni tausayi ƙwarai, sau uku a jere ta kai wasan ƙarshe daga 2022 zuwa 2024 ta faɗi.

Don Allah kowa ya haɗa da dalilinsa, ba suna kawai ba.