A Riƙa Miƙa Jerin Bayit Tare da Tsawonsa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana malaman kwamfuta kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a wurin masu koyon yaren C na rubuta shirin kwamfuta.

A ranin da ya wuce wani ɗalibina ya haɗa na'urar auna danshin ƙasa da allon Arduino Uno (wata 'yar ƙaramar kwamfuta), domin gonar tumatir ta mahaifinsa a Kadawa. Na'urar kan tara awonta a jeri mai bayit 20 (bayit ƙaramin ma'aunin bayanai ne a kwamfuta), amma in ta aika saƙo, bayit 2 kacal ke isowa. Yaron ya kwana uku yana zargin batir da wayoyi, alhali laifin yana layi guda: ya auna tsawon jerin da sizeof, umarnin auna girma, a cikin fankishan ɗin (wato ɓangaren shirin) da ya miƙa wa jerin.

A yaren C, idan ka miƙa jeri ga fankishan, ba jerin ba ne ke tafiya, adireshin bayit na farko ne kawai. Saboda haka abin da sizeof ta auna girman adireshin ne, wanda bayit 2 ne a Uno, 8 kuma a kwamfuta mai bit 64. Kamar ka nuna wa mai mota ƙofar rumbu ne ba ka faɗa masa buhu nawa zai ɗauka ba. Wasu kan koma ga strlen, fankishan mai ƙirga tsawo, amma ita rubutu aka yi ta dominsa, tana tsayawa da zarar ta ci karo da sifiri, ga shi kuwa sifiri awo ne halastacce a wurin na'ura irin wannan.

Ɗalibina ma ya yi sa'a, domin gaza kaiwa ƙarshen jerin ya yi. Wanda ya zarce iyakar jeri yakan taka bayanan da ke maƙwabtaka da shi, kuma C ba za ta ce masa uffan ba. Ta irin wannan ƙofa tsutsar Morris, wata muguwar manhaja mai yaɗa kanta, ta shiga kwamfutoci a 1988, ta hanyar gets, fankishan karɓar rubutu, wadda ba ta tambayar tsawo sam, har aka cire ta daga ƙa'idar yaren a 2011. Faɗin tsawon ma bai wadatar ba in ba a tantance shi ba: a matsalar Heartbleed ta 2014, OpenSSL, manhajar tsare sirrin sadarwa a intanet, ta amince da tsawon da duk mai aiko mata da tambaya ya ambata, ta riƙa kwaso masa har kilobayit 64 na sirrin mutane a kowace tambaya.

Roƙona ga malamai shi ne, duk fankishan da ɗalibi ya rubuta mai karɓar jerin bayit, a tilasta masa karɓar tsawon a matsayin size_t (nau'in lambar da C ke bayyana girma da ita), wanda aka auna a inda aka ƙirƙiri jerin, a kuma rage makin wanda ya tsallake hakan ko da shirinsa ya yi aiki ranar jarrabawa.

Wassalam,
Wani malamin kwamfuta,
Kura, Jihar Kano.