Kuɗin kiliyarans na kamfanonin kai saƙo: a faɗa mana tun kafin mu biya

Assalamu alaikum Malam Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk ma'aikatanka, dan Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya tsaya min a rai, kuma na san ba ni kaɗai ba ne, duk wanda ya taɓa yin odar kaya daga ƙasar waje ta intanet zai gane inda na dosa. Maganar kuɗin kiliyarans ce, wanda kamfanonin kai saƙo ke karɓa a hannun mutum bayan kaya sun iso.

Baba ya manyanta, kunnensa ya yi nauyi, da na'urar ƙara ji yake amfani. Kwanaki wata 'yar siririyar waya da ke cikin na'urar ta lalace, na nema har na gaji ban samu irinta ba, sai na yi oda daga waje. Na biya kuɗin kayan, na biya kuɗin kawowa, na ma zaɓi na gaggawa duk da ya fi tsada saboda halin da yake ciki, shafin ya nuna min an gama komai. Bayan 'yan kwanaki sai ga mesej wai kayana sun iso amma ba za a kawo ba sai na biya wasu kuɗi, da na duba adadin wallahi saura kaɗan ya kamo kuɗin kayan gaba ɗaya, abin da bai fi a saka shi a ambulan ba. Na kira su, yarinyar da ta ɗauka ta yi min magana cikin ladabi, ba na ganin laifinta ko kaɗan, abin da aka rubuta mata take karantawa, ta ce min kuɗin kwastam ne. Na ce to dan Allah a turo min a rarrabe, nawa ne na me. Sai da na tura imel uku kafin a turo.

Da takardar ta zo ne idona ya buɗe. Harajin shigo da kaya na gwamnati ɗan kaɗan ne, sai VAT, wato harajin sayen kaya, a kansa, waɗannan biyun ban da ja a kansu, haƙƙin hukuma ne kuma a yawancin ƙasashen duniya ana biya. Amma sauran layukan na kamfanin ne da kansa: kuɗin cike takardu, da wani wai shi kuɗin biya a madadinka, wato sun fitar da harajin daga aljihunsu sun ba kwastam kafin su karɓa a wurinka, to ladan wannan ɗan bashin na kwana biyu kenan. Da na haɗa sai na ga kason kamfanin ya fi na gwamnati yawa. Kuma a ƙasan takardar an rubuta idan ban biya cikin 'yan kwanaki ba za a fara lissafa min kuɗin ajiya a sito kullum, in abin ya yi nisa a mayar da kayan ga mai sayarwa. Na biya mana, ya zan yi? Baba ya yi sati biyu jikokinsa na yi masa magana yana kallon bakinsu kawai yana murmushi don kar su gane bai ji ba.

Malam Edita, abin da ya fi ƙona min rai shi ne kalmar nan da suke amfani da ita, "kuɗin kwastam". Mutum zai biya ya tafi yana zagin jami'an kwastam a zuciyarsa alhali rabin kuɗin ko fiye ko hanyar asusun gwamnati bai bi ba. Wannan ɗaukar alhaki ne ta fuska biyu, an ɓoye wa kwastoma gaskiya, an kuma shafa wa wasu baƙin jini.

Kuma yadda ake tsara kuɗin shi ke sa ƙaramin mai saye ya fi shan wuya. Yawanci ana cewa kaso kaza cikin ɗari na harajin da aka biya maka, ko kuma wani tsayayyen adadi mafi ƙanƙanta, duk wanda ya fi yawa shi za a karɓa. Babban ɗan kasuwa da ya shigo da kwalaye 50 ba zai ma ji ba, zai raba a kan kayansa. Amma ɗalibin da ya sayi littafi ɗaya, ko tela da ke neman wani ɗan ƙarfe na kekensa, ko irina mai neman abin da zai taimaki tsoho, tsayayyen adadin nan a kanmu yake sauka gaba ɗaya. Ga shi a ƙasashe da dama ba a kan kuɗin kaya kaɗai ake lissafa haraji ba, ana haɗawa da kuɗin jirgi da inshora, sannan a ɗora VAT a kan jimillar har da harajin, to ka ga wanda ya zaɓi kawowar gaggawa ya ƙara wa kansa haraji bai sani ba. Ni ma sai daga baya na gane haka.

Ba na cewa su yi aiki kyauta. Aiki ne na gaske, sai an sami wanda ya san kan abin ya duba inbois, wato takardar da ke nuna kayan da farashinsu, ya nemo lambar da ta dace da kayan a tsarin HS na Hukumar Kwastam ta Duniya da ke Brussels, tsarin da aka fara aiki da shi tun 1988, kowane irin kaya da lambarsa mai alƙaluma 6, kuma in aka saka lambar da ba ita ba harajin na iya canzawa sosai. Wanda ya yi wannan ya cancanci ladansa. Tambayata ita ce yaushe na yi ciniki da su? Mai sayarwa ne ya zaɓi kamfanin, da shi suka yi yarjejeniya, ni ban ga farashin kiliyarans ba, ba a tambaye ni ko na yarda ba, sai da kayana suka shiga hannunsu sannan aka yanka min. Ciniki ai sai da yardar ɓangare biyu, kuma kafin a yi aiki ake faɗin lada, ba bayan an riƙe kayan mutum ba.

Abin takaicin, maganin wannan matsala sananne ne a harkar. A ƙa'idojin cinikin ƙasa da ƙasa da ake kira Incoterms, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Paris take fitarwa, na baya-bayan nan shi ne na 2020, akwai DDP, inda mai sayarwa ke ɗaukar nauyin haraji da kiliyarans har kaya su zo ƙofarka, akwai kuma DAP, inda zai kawo amma haraji da fitar da kaya na wuyanka. Haruffa uku ne kacal suka raba wanda zai karɓi kayansa hankali kwance da wanda za a tare a ƙofa, amma shafukan sayayya nawa ne ke rubuta wannan a fili kusa da inda ake danna biya? Sai dai a cusa shi can cikin dogon rubutun sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe.

Wasu ƙasashen sun nuna ana iyawa. Daga 1 ga Yuli 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen VAT da take yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba, amma a lokaci guda ta kawo tsarin IOSS, wanda ke ba mai sayarwa dama ya karɓi VAT tun wajen biya a kan kayan da ba su haura yuro 150 ba. Birtaniya ma tun 1 ga Janairu 2021 haka take yi wa kayan da ba su wuce fam 135 ba, wajen saye ake karɓa. Ita kuwa Amurka da ta daɗe tana barin kayan da ba su wuce dala 800 ba su shiga babu haraji, ta rufe ƙofar ga kayan China da Hong Kong a ranar 2 ga Mayu 2025, sannan ga sauran duniya a 29 ga Agusta 2025, har gidajen waya na ƙasashe da dama suka dakatar da tura ƙunshin kaya can na ɗan lokaci. Kenan ƙananan kayan da za su riƙa bi ta kiliyarans ƙaruwa suke yi, masu samun irin mesej ɗin da na samu ma haka.

Akwai wata ɓarna kuma da wannan ɓoye-ɓoyen ya haifar. Tunda mutane sun saba da cewa kowane lokaci za a iya turo musu saƙo a ce su biya kafin a kawo kaya, 'yan damfara sun samu hanya, suna tura mesej na bogi da link, mutum ya saka lambar katinsa a kwashe masa kuɗi. Da a ce kowa ya san abin da zai biya tun ranar oda, da ganin irin wannan saƙon zai gane ƙarya ce. Wasu kuma don gudun kuɗin sai su roƙi mai sayarwa ya rage farashi a inbois ko ya rubuta kyauta ce, ni ban goyi bayan haka ba, ƙarya ce, kuma in aka kama ana iya cin mutum tara ko a riƙe kayan, in ma sun ɓace a hanya abin da aka rubuta a takarda shi za a duba wajen biyan diyya.

Roƙona gare ka Malam Edita, ka tura wakilinka ya zauna da waɗannan kamfanoni da hukumomin kare haƙƙin masu saye, a tambaye su a gaban jama'a. Me zai hana a nuna wa mutum kiyasin haraji da kuɗin kiliyarans tun kafin ya danna biya? Me zai hana rasit ya zo a rarrabe tun farko ba sai an yi ta roƙo ba, na gwamnati daban na kamfani daban, kowa da sunansa? Inda doka ta yarda mutum ya fitar da kayansa da kansa ko ya ɗauki ejan ɗin da yake so, a sanar da shi kafin a yi aikin, kuma kar agogon kuɗin ajiya ya fara bugawa alhali shi yana jiran amsar imel ɗinsa ne. Takardar da suka turo min tana nan na adana, in wakilin naka yana son gani zan ba shi.

Baba dai alhamdulillahi na'urarsa ta dawo aiki, amma likita ya ce irin wannan wayar takan buƙaci canji lokaci zuwa lokaci, kenan zan sake yin odar, kuma har yanzu shafin bai nuna nawa za a nema a hannuna in ta iso ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum