Wace ma'aikata ce ke da alhakin talakan da ba shi da albashi?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarku domin in yi magana a kan hukumomin jin daɗin jama'a na ƙasarmu Nijar, waɗanda muke yawan jin sunayensu a rediyo, amma a nan Damagaram ba kowa ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba idan ta kai masa iya wuya.

Tun farko an gina tsarin ne domin mai albashi. Asusun CNSS na kula da ma'aikata, wanda aka kafa a 1965 zamanin Diori Hamani, ya gaji wani asusun da Faransawa suka buɗe domin biyan ma'aikata kuɗin iyali, kuma aikinsa har yau shi ne kuɗin 'ya'ya, da diyyar hatsarin wurin aiki, da fansho. Ba na raina wannan aiki, domin tsofaffi da dama da shi suke cefane. Sai dai manomin Mirya, da majemin Birni, da matar da ke tuyar ƙosai a bakin Kasuwar Dole, babu ɗayansu da ke da takardar albashi, kuma su ne mafi yawan 'yan ƙasa.

Abin da aka tanadar wa irin waɗannan, yunwa ce ta haife shi. An kafa OPVN, ofishin cimaka na ƙasa, a 1970 domin saye da ajiyar hatsi, ba a jima ba fari ya ci ƙasa, har zargin karkatar da abincin agaji ya zama ɗaya daga cikin dalilan da Seyni Kunce ya bayar lokacin da ya kifar da gwamnati a watan Afrilun 1974. Daga nan kusan kowane sabon ofis bayan wata masifa yake zuwa. Bayan farin 1984 aka kafa tsarin gargaɗin farko kan yunwa, yunwar 2005 da ta fi tsanani a Maraɗi da jiharmu ta zo daf da lokacin da Tanja Mamadu ya ayyana kyauta ga maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 da kuma tiyatar haihuwa, sannan a 2016 aka buɗe ma'aikatar agaji da kula da bala'o'i. Manufar ƙasa ta kāre jama'a kuwa sai a 2011 aka amince da ita, shekara 51 bayan samun 'yancin kai.

A 2011 ɗin ce aka fara shirin tallafin kuɗi da Bankin Duniya ya ɗauki nauyi, inda aka riƙa ba macen gida jika goma a kowane wata har tsawon shekara biyu, kuma jiharmu na cikin waɗanda shirin ya shafa. Duk wanda ya ga ranar biya a ƙauye ya san amfaninsa: mata a jere ƙarƙashin inuwar bedi, kowace da katinta a ƙulle a gefen zane, daga nan wata ta wuce ta auni gero tiya-tiya, wata ta zuba a adashi har ta mallaki akuya. Amma shiri ne mai wa'adi, kuma kuɗinsa daga waje yake. Ranar da wa'adin ya cika, matar tana nan, talaucinta ma yana nan, sai ofishin ne ya tashi. Haka ma kyautar magani: doka ta ce kyauta ne, amma da yake gwamnati kan yi jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sau da yawa uwa takan fito da takarda a hannu ta nufi kantin magani.

Sakamakon wannan giɓi mu muka fi kowa ganinsa. A watan Oktoban 2013 mutum 92, galibinsu mata da yara, suka mutu da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya, kuma da yawansu 'yan yankin Kance ne. A watan Maris na 2022 sai da aka tura jirage Dakar domin kwaso 'yan ƙasarmu da ke bara a titunan birnin, akasarinsu daga Kance da Magarya. Kowane lokaci akan yi jawabi a kan mutuncin ƙasa, a maido su gida da ɗan buhun abinci, kafin damina ta zagayo wasu sun sake ɗaura kaya. A ganina ba hana bara ne ya gagara ba, abin da babu shi ne hukuma guda, mai kasafin kuɗinta daga baitulmali, wadda za a iya tuhuma da sunanta idan gajiyayye ya kwana da yunwa. A yanzu aikin a warwatse yake tsakanin ma'aikatu da ofisoshi da ƙungiyoyin waje, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke da alhaki. Ko dokar 1993 da ta tanadi kāriya ga naƙasassu, a je Kara-Kara, unguwar kutare ta Damagaram, a tambayi mazauna unguwar nawa ne suka taɓa jin labarinta.

Roƙona shi ne ku tura wakilinku ofishin kula da jin daɗin jama'a na jiha, ya tambayo mana nawa aka ware masa a bana, ma'aikata nawa gare shi a Kance da Magarya da Tanut, da kuma takardun da marayu ko tsoho marar mai kula zai kawo kafin a saurare shi, ku buga amsar da Hausa.

Na gode.

Mai karanta jaridarku,
daga unguwar Zango, Damagaram