Wasiƙar godiya ga masu gyaran injin dizal na Kakuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin in gode wa maigidan wani shagon gyaran famfon injekta (famfon da ke tura dizal cikin injin) da ke Kakuri a Kaduna, shi da yaransa, saboda aikin da suka yi wa jirgina a daminar da ta wuce. Malam ya nemi kada in ambaci sunansa, na kuma mutunta buƙatarsa, amma masu tifa da masu manyan janareta na wannan yanki za su gane wanda nake nufi.

Sana'ata ita ce ɗaukar yashi a Kogin Kaduna da jirgi mai injin dizal. A watan Agusta, lokacin da kogi ya cika ya tumbatsa, injin ya fara shaƙewa yana fitar da farin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu, har wata rana ya mutu da lodi a tsakiyar ruwa, sai da yara suka yi da gaske da gora kafin suka kai shi gaɓa. Duk wanda ya san ƙarfin wannan kogi a tsakiyar damina ya san cewa Allah ne kawai ya kiyaye rayuka a ranar.

Bakanike na farko da aka kawo mini bai ko buɗe murfin tanki ba. Ya saurari ƙarar injin na ɗan lokaci, ya ce famfon injekta ya gama aiki, sai dai a sayi wani, ya kuma faɗi kuɗin da ya kusa rabin darajar injin gaba ɗaya. Na biyu ya canza filta, ya sayar mini da wata kwalbar magani da ya ce tana cinye kowane irin datti a tanki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Jirgin bai yi nisa ba filtar ta sake toshewa, da na kira shi kuma ya daina ɗaukar waya. A wannan tsakani masu tifa sun koma wajen wasu, yaran da ke aiki da ni suna zaune babu na cefane, ni kuma ina ta zuba kuɗi ba tare da wani ya gaya mini ainihin abin da ke damun injin ba.

Wani direban tifa ne ya haɗa ni da Malam. Ya zo bakin kogi da kansa, kuma kafin ya taɓa sifana ya tambaye ni inda nake sayen mai da yadda ake kawo shi. Sannan ya shafa wani magani mai kauri a kan sanda, ya zura ta har gindin tanki, da ya zaro sai ga ƙasan sandar ya koma ja. Ya sa tiyo ya zuƙo mai daga can ƙasa ya zuba a farar kwalba, ya ajiye ta a kan katako ya ce mu jira. Da farko man ya yi dusu-dusu kamar farau-farau, amma muna tsaye ya rabu: dizal a sama, ruwa a ƙasa, a tsakaninsu kuma wani baƙin abu mai yauƙi. Ya miƙo mini kwalbar ya ce, "Alhaji, duba da idonka, injinka bai mutu ba, ruwa yake sha."

Bayanin da ya yi mini a wurin ya fi mini komai daraja. Ya ce lita ɗaya ta dizal nauyinta wajen gram 840 ne, ta ruwa kuwa gram 1,000, shi ya sa ruwa ke kwanciya a gindin tanki, daidai wurin da bututun mai yake ja. A mota ruwan yakan daɗe a kwance, amma jirgi yana rausaya a kan igiyar ruwa, sai ya girgiza shi ya haɗe da mai. Baƙin yauƙin nan kuwa ƙananan halittu ne da ke rayuwa a inda ruwa da mai suka haɗu, su ne ke toshe filta, don haka ko sau nawa aka canza ta za ta sake toshewa muddin ruwan yana ciki. Ya ƙara da cewa dizal ɗin da kansa shi ke sa wa famfo da nozul (bakin da ke fesa mai cikin injin) santsi, idan ruwa ya maye gurbinsa sai tsatsa ta kama su, kuma ɗigon ruwan da ya kai bakin nozul mai zafi yana iya zama tururi ya fasa shi. Game da maganin da aka sayar mini, ya ce irin waɗanda ke narkar da ruwa cikin mai suna taimaka masa ne ya wuce filta ya isa famfo. Da ya gwada sauran man da ke cikin duron da aka kawo mini, nan ma sandar ta yi ja.

Sauran aikin sun yi shi cikin natsuwa. Sun kwashe man zuwa durorin da suka zo da su, suka bar shi ya kwanta, suka tace na sama suka mayar mini, suka wanke tanki, suka sa sababbin filtoci, suka fitar da iska daga layin mai. Malam ya ɗaura mini matatar da ke raba ruwa da mai, mai kwano garai-garai a ƙasa da ɗan famfon tsiyayarwa, ya koya wa yarana su duba ta kowace safiya, su kuma riƙa cika tanki da yamma domin rage raɓar da ke taruwa a jikinsa da dare. Famfon injektan da aka ce ya mutu, ya gwada shi a shago a gabana ya ce lafiyarsa ƙalau. Nozul ɗaya ne kawai ya canza, ya ba ni tsohon a hannu tare da rasit. Da ya ce famfon ya lalace, da na yarda na biya, domin ba ni da hanyar ganewa.

Akwai wani abu da ba zan manta ba. Da yara suka ɗauki bokitin gurɓataccen ruwan za su watsa a kogi, Malam ya tsayar da su, ya ce mutanen gari daga wannan kogi suke sha, masunta ma a nan suke neman abinci. Ya sa aka juye shi a jarka ya tafi da shi a motarsa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, gwajin da ya warware matsalar bai ɗauki lokacin shan shayi ba, maganin shafawar ma ba tsada gare shi ba, amma da wuya ka ga mai sayar da dizal yana amfani da shi. Za ka tarar da durori a tsaye a fili cikin ruwan sama, ruwa ya taru a kansu, idan dare ya yi ƙarfe ya huce sai duron ya zuƙe shi ta bakin murfi. Wasu gidajen man ba a san ranar da aka yi wa tankunansu na ƙarƙashin ƙasa awon ruwa ba, na 'yan bumburutu kuwa ba a magana. Tun da litar dizal ta haura naira 1,000, wanda ya biya wannan kuɗi ya cancanci a ba shi mai zalla. A watan Fabrairun 2022 ƙasa ta ɗauki ɗumi kan gurɓataccen fetur saboda ya taɓa motocin manyan birane, amma mai jirgi da mai injin niƙa da mai injin ban ruwa suna tafka irin wannan asara kowace damina babu mai jin kukansu. Ina roƙon hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da ingancin man da ake sayarwa, da ta ƙara yawan awon ruwa a wuraren sayar da dizal, musamman daga Yuli zuwa Satumba.

Malam, Allah ya saka maka da alheri, ya yi wa sana'arka albarka, ya sa yaran da kake koyarwa su ɗauki halinka.

Wassalam.

Naku,
Wani mai jirgin yashi, Kaduna