Barka da Sallah daga Ingila, da amsar tambayar Auta a kan "get back"

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba da Inna, barkanku da Sallah. Allah Ya karɓi layya da ibada, Ya maimaita mana, Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. A nan ba a yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi, mahauci ya kawo naman daga baya. Don haka ku ci suyar har da rabona.

Baba, ka ba ni izini in amsa wa Auta tambayarta a kan ma'anar "get back" a Turanci da yadda ake amfani da shi, tunda jarrabawar WAEC na gabanta.

Auta, fara da abin da kika riga kika sani. "Come back" shi ne dawo, "go back" shi ne koma, kuma bambancinsu irin na Hausa ne: ya danganta da inda mai magana yake. Shi kuwa "get back" isowar yake nufi. In an ce miki "What time did you get back?", ana tambayar ƙarfe nawa kika iso. Abin da ya wuce "got back" ake cewa. Ana faɗin "get back to Kano", amma ba a sa "to" kafin "home". Ki kuma guji "return back" da ya zama ruwan dare a bakinmu, domin "return" ya riga ya ƙunshi komawar, mai duba takarda zai ja masa layi.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne 'yar kalmar da ke biyo baya. Ma'aikacin banki ko na asibiti ya ce "I will get back to you", ba zuwa zai yi ba, zai bugo waya ne ko ya rubuto. Baƙo da bai sani ba sai ya samu kujera ya yi ta zaman jira. Abin yi shi ne a tambaye shi ranar da za a ji daga gare shi. To, cire "to" ki sa "at", magana ta juye gaba ɗaya: "get back at him" ramuwar gayya ce. Ki kula da wannan ƙwarai, don kada ki yi wa malami barazana alhali amsa kike son yi masa alkawari. In aiki ne ya biyo bayan "to", ana nufin ci gaba da abin da aka ajiye, kuma aikatau sai ya ɗauki "ing": "get back to reading". "Get back together" kuwa na waɗanda suka rabu ne suka shirya, kamar ma'auratan da aka yi wa kome.

Idan abu ya shiga tsakiyar kalmomin biyu, karɓo abinki ake nufi. A nan mai haya kan ajiye kuɗin jingina, wanda tun 2019 doka ta hana ya wuce hayar mako 5 a yawancin gidaje. In zai tashi sai ya ce "I want to get my deposit back", kuma dole a biya shi cikin kwana 10 bayan an daidaita a kan adadin. Da "it" ko "them", tsakiya ce kawai wurinsu: "get it back". "Get back it" kuskure ne.

In ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ya daka tsawa "Get back!", ja da baya yake nufi, a take. Sannan "ina zuwa" da muke faɗa yayin fita, kada ki mai da shi "I am coming", don Bature zai ɗauka tahowa kike yi. Ki ce "I'll be right back".

Ki rubuta jimla biyu a kan kowace ma'ana, ki ɗauki hoton takardar ki turo ta WhatsApp ɗin Yaya in duba miki.

A gaida Kawu, Gwaggo da duk maƙwabta. Inna, a sa ni cikin addu'a.

Ɗanku mai biyayya.