Sanarwa: Addu'ar tunawa da ƙanin kakanmu

Assalamu alaikum, iyayenmu da ƴan'uwa na wannan rukuni.

Ana gayyatar kowa zuwa saukar Alƙur'ani ranar Juma'a bayan sallar La'asar, a gidan Baba Alhaji da ke Nima, domin yi wa ƙanin kakanmu addu'a.

Yaran yanzu da yawa ba su san labarinsa ba. Yana saurayi, ko aure bai yi ba, ya bar gona a ƙauyenmu na wajen Bawku ya shiga rundunar sojan Gwalkwas (tsohon sunan ƙasar Gana), wadda Turawan Ingila suka kai ƙasar Bama (wato Burma) yaƙi da Japan. A kwarin kogin Kaladan ya rasu a 1944. Barikin Burma Camp da muke wucewa kullum a nan Ankara daga wannan yaƙi ya samo sunansa, amma ina ganin kaɗan ne cikinmu ke tuna cewa jininmu na kwance a can. Mahaifiyarsa, Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an bayar da fartanyarsa ba.

Duk mai tsohon hoto ko takardarsa ta soja, muna roƙo ya zo da ita. Mata za su haɗu wajen Hajiya tun hantsi saboda girki.

Allah ya gafarta masa.