A Duba Rabon Ruwan Kogin Haɗeja Daga Sama Har Ƙasa

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in jawo hankalin hukumomi kan yadda ake sarrafa ruwan Kogin Haɗeja, wanda rayuwar manoma da masunta da makiyaya a jihohin Kano da Jigawa da Yobe ta rataya a kansa.

Babu mai musun alherin da madatsar ruwa ta Tiga ta kawo tun bayan kammala ta a 1974. Da ruwanta ne noman rani ya kafu a Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, har waɗannan garuruwa suka zama cibiyoyin shinkafa da alkama da tumatir. A 1992 kuma aka ƙara da madatsar Challawa. Sai dai mutanen da ke ƙasan kogin, su ma da haƙƙinsu a cikin wannan ruwa, ba su samu irin wannan rabo ba.

Kafin a gina madatsun, kogin yakan cika ya malala cikin fadamu da damina, sannan ya janye da rani, ya bar wa manomi danshi, ya bar wa makiyayi ciyawa. Yanzu da ake sakin ruwa kusan duk shekara, hanyoyin ruwan ba sa bushewa, kuma wannan ne ya ba ciyawar kachala damar yin kaka-gida. Ta toshe magudanai, yashi da laka suka taru a bayanta, ruwan ya karkata zuwa reshen kogin da ake kira Marma ya nufi Nguru, inda yake cinye gonaki da hanyoyin mota, alhali manoman Gashuwa da Geidam suna jiran abin da bai isa gare su yadda ya kamata ba. Kachalar nan kuma ita ce maɓoyar tsuntsayen jan-baki da ke far wa shinkafa da gero idan sun kusa nuna.

A ganina, kuskure ne a ci gaba da auna nasarar noman rani da yawan kadadar da aka shayar a sama kawai. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke riƙe da makullin ƙofofin madatsun, don haka ya kamata ta riƙa bayyana jadawalin sakin ruwa tun kafin shuka, ta kuma zauna da ƙungiyoyin manoma da sarakunan ruwa na jihohin uku kafin ta tsayar da shi. Aikin yashe magudanai ma kada ya tsaya sai an yi ambaliya irin ta 2022 a aiko da injina na 'yan makonni. Yana bukatar kasafi na kowace shekara, tare da barin wasu hanyoyin su bushe na ɗan lokaci da rani domin a samu damar sare kachalar a ƙone ta.

Naku,
Wani mai karanta jaridarku